Ana sace jakuna, ana sare wasu, kowa ya san mai yi amma ba mai faɗa

Likitan Dabbobi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da shawara, ina so mu tattauna ta kafin taron ƙungiya na ƙarshen wata. Mu sayi layin waya guda da 'yar ƙaramar waya, mu yaɗa lambar a masallatai da kasuwa da tasha. Duk wanda ya ga an zalunci dabba, ko ya san wanda ya yi, ya kira ya faɗa, ba wanda zai tambaye shi sunansa.

Abu biyu ne suka yi yawa a yankin nan. Na farko satar jakuna. A kwance jaki a turke cikin dare, daga baya a tsinci gawarsa a kwazazzabo, an feɗe fatar an bar wa karnuka naman. Na biyu sara. Dabba ta shiga gona, mai gona ya bi ta da adda ya sare mata agara. Wanda bai taɓa ganin jakin da aka yi wa haka ba, ba zai gane ba. Ƙafar tana reto, yana son ya dafa ƙasa da ita tana lanƙwashewa, ƙudaje sun rufe wurin. Shi kuma jaki ba ya nuna ciwo kamar doki, sai dai ya sunkuyar da kai ya daina ci. Da wuya irin wannan ya sake ɗaukar mangala. Ina durƙushe ina ɗinki, ina jin mutanen da suka kewaye ni suna ƙus-ƙus da sunan wanda ya yi. Da na ɗago na ce wa ya aikata, sai kowa ya ce Allah masani.

Mai Amalanke: Wa alaikumus salam Likita. Allah ya saka da alheri. Ni abin ya ci ni, ba labari aka ba ni ba. Jakina da nake ɗebo yashi da shi aka kwance, duna ne mai ƙarfi, har da akumarinsa suka haɗa. Yanzu haya nake yi, rabin abin da na samu na mai jaki ne. Maƙwabcina ya ce ya ji motsi a daren, ya leƙa, ya ga mutum biyu. Na ce mu je ka faɗa a gaban mai unguwa. Ya ce in yi masa rai, yana da iyali.

Baban Hafsat: Ku yi haƙuri, ni dai zan faɗi gaskiyata. Ana ɗauke mutum sukutum a kan hanya, 'yan uwansa su sayar da gona su biya kuɗin fansa, ba wanda ya kai rahoton kowa. Mu kuma za mu zauna muna buɗe layin waya saboda jaki? Likita, wannan tunanin Turawa ne da suka ƙoshi.

Maman Walid: Baban Hafsat, jakin nan da ka rena shi ke kawo ruwa gidaje da yawa a garin nan. Ranar da aka sace shi, 'yar gidan ce za ta ɗora jarka a ka, kuma ita ce za ta makara a makaranta. Mu da ke cikin gida mu muka san amfanin jaki.

Baban Hafsat: Hajiya ban ce ba shi da amfani ba. Na ce akwai abin da ya fi shi.

Malam Na Zaure: Baban Hafsat, Allah ya yi maka albarka, wannan ba Turawa suka kawo ba. A Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya wuce wani jaki da aka yi wa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi masa. Lalas kawai, ba sara ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba, yaran islamiyya ma sun haddace shi. Abin da ke hana mutanenmu magana shi ne sun ɗauki kai rahoto a matsayin annamimanci. Ba ɗaya ba ne. Annamimi yana ɗaukar magana daga wannan ya kai wa wancan don ya haɗa su faɗa. Wanda ya je wurin mai iko don a hana ɓarna, malamai sun lissafa shi cikin waɗanda aka halatta wa ambaton laifin wani, Imamu Nawawi ya kawo wurare shida, wannan yana ciki. Kuma a ƙarshen Baƙara an ce kada ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce.

Ɗan Tasha: Allah gafarta Malam, mun ji wa'azi. Amma bari in ba ku nawa. Na taɓa ganin an loda jakuna a wata mota da tsakar dare, an ɗaure su ƙafa huɗu an jibga wani kan wani, na ƙasan har ya daina motsi. Na ɗauki lambar motar na kai wani caji ofis, ba zan faɗi wanne ba. Tambayar farko da aka yi mini: kai me kake yi a wurin a wannan lokacin? Na wuni a kan benci, sai da yayana ya zo ya tsaya mini. Tun daga ranar, ko raƙumi na ga an saka a buhu, ban gani ba.

Mai Amalanke: 😂 Ɗan Tasha kai dai ba ka da dama. Amma wallahi gaskiya ka faɗa.

Tsohon Sufeto: Abin da ya sami Ɗan Tasha yana faruwa, ba zan kare shi ba, na yi aikin nan har na yi ritaya. Sai dai ku ji ɗaya ɓangaren. Laifin da aka yi wa dabba ya fi kowane wahalar bincike, domin wanda aka zalunta ba ya magana. Ba kyamara a turke, ba a gona. Kafin jami'i ya isa, karnuka sun ja gawar, shanu sun tattake sawun. In ba wani ya buɗe baki ba, fayil ɗin ya mutu tun ranar da aka buɗe shi. Kuma yawancin rahoton da ake kawowa ba ya da amfani. Mutum zai zo ya ce, yallaɓai wane ɓarawo ne, kowa ya sani. Da me zan kama shi? Rahoton da ake iya aiki da shi shi ne mai cewa: daren Talata bayan an tashi daga kallon ƙwallo, mota kaza mai launi kaza ta tsaya bayan makabarta, an sauke buhunan gishiri a kangon da ke kusa da rijiya, yanzu haka wari yana fitowa daga wurin. Wannan a yau zan iya zuwa in gani da idona. Fata ba ta ɓoyuwa, dole a zuba mata gishiri, dole ta yi wari, dole wani ya sayar da gishirin.

Barista: Bari in ƙara a kan maganar yallaɓai, saboda da yawa suna zaton babu doka. Akwai. Kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, yana da babi sukutum a kan zaluntar dabbobi. Sashe na 207 ya haramta dukan dabba na mugunta da azabtar da ita, har da shirya faɗan zakaru da karon raguna, hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara guda. A Kudu sashe na 495 ne na Criminal Code, ɗaurin wata shida ko tarar naira hamsin. Eh, naira hamsin, ba kuskuren rubutu ba ne, tarar zamanin da ce aka bari a haka. Amma wanda ya sace jaki ya kashe, ba a wannan sashen kaɗai za a tsaya ba, akwai sata, akwai ɓarnata dukiyar wani, waɗannan sun fi nauyi. Matsalarmu a kotu ba ƙarancin doka ba ce. Ranar zama ce za ta zo, mai gabatar da ƙara ya waiwaya ya ga ba shaida ko ɗaya.

Ɗan Ci-rani: Salamu alaikum daga Amurka, yanzu na tashi na tarar da zaure ya yi zafi. Abin da Likita yake nufi yana da asali a nan. A 1976 aka kashe wani ɗalibi da ke aiki a gidan mai a birnin Albakurki na jihar Niyu Meziko, bincike ya cije. Wani ɗan sanda mai suna Greg MacAleese ya lura abu biyu ke rufe bakin mutane, tsoro da kuma ba-ruwana. Ya sa aka kwaikwayi yadda kisan ya faru a talabijin, aka ce duk mai labari ya kira ba sai ya faɗi suna ba, kuma akwai tukwici. Cikin 'yan kwanaki aka kama waɗanda suka yi. Daga nan tsarin Crime Stoppers ya samo asali. In ka kira, lamba ake ba ka a madadin suna. In labarinka ya kai ga kamu, da wannan lambar za ka karɓi kuɗinka, wanda ya miƙa maka ma bai san ko kai wane ne ba. Kwamitin farar hula ne ke riƙe da kuɗin, daga gudunmawar jama'a.

Yanzu har laifin dabbobi ana bi ta wannan hanya, ƙungiyoyin kare dabbobi kan sa tukwicin da ya kai dala 5,000 a kan laifi guda. Tun Janairun 2016 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, take ƙidaya zaluntar dabbobi a matsayin laifi mai zaman kansa a rajistarta, ɗaya daga cikin dalilansu shi ne mai azabtar da dabba sau da yawa ba ya tsayawa a kan dabba. Baban Hafsat, wannan amsarka ce. Kuma abin mamaki, har jakuna abin ya shafa. A 2019 an harbe jakunan daji fiye da 40 a hamadar Mohabi, gefen babbar hanyar da ta haɗa Kalifoniya da Nebada, tukwicin da aka tara ya kai dubban daloli masu yawa.

Baban Hafsat: Dala dubu biyar a kan kare! Ɗan Ci-rani, in ka sa wannan a garin nan, wallahi wani zai sare jakinsa da kansa ya ce maƙwabcinsa ne.

Barista: Nan kam ina tare da Baban Hafsat. Mun ga yadda tukwici ya kasance a ƙasar nan. A Disambar 2016 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin masu fallasa satar kuɗin gwamnati, aka yi alkawarin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. A Afrilun 2017 aka gano dala miliyan 43 a wani gida a unguwar Ikoyi ta Legas. Wanda ya tsegunta sai da aka yi watanni ana ja-in-ja a jaridu kafin a fara biyansa. In ƙungiyarmu ta yi alkawarin kuɗi sau ɗaya ta kasa cikawa, layin ya mutu. In kuma ta cika, 'yan neman na cefane za su cika mu da ƙarya.

Ɗan Ci-rani: Ai ba a biya sai labari ya tabbata, Barista. Ba a kan kira ake biya ba.

Likitan Dabbobi: Ni ban sa tukwici a shawarata ba, da gangan. Mutanen da nake ji suna ƙus-ƙus ba kuɗi suke jira ba. Abin yana cin su a rai. Tsoronsu shi ne gobe su haɗu da mutumin a sahun sallah ya san su suka faɗa.

Na Maraɗi: Gaisuwa ga 'yan uwa na Najeriya. Ku bar ni in faɗi inda fatun ke zuwa, don wasu suna zaton tsafi ne. Ƙasar Sin ake kai su, a dafa a fitar da wani danƙo da suke sha a matsayin magani. Jakunansu sun ragu ƙwarai, daga wajen miliyan 11 a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da miliyan 2, sai suka juyo Afirka. Mu a Nijar gwamnati ta hana fitar da jakuna tun 2016, a shekarar an fitar da wajen 80,000 kafin ma ta ƙare, alhali a 2015 duka 27,000 ne. A Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Adis Ababa a dakatar da yanka jaki don fatarsa. Amma takarda ba ta tsare iyaka. Da dare ake kora su ta daji, kuma wanda ya san hanyar dajin ɗan gari ne. Da ɗan gari akan ci gari. Jaka kuwa shekara guda take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa ɗaya. Ku lissafa da kanku.

Tsohon Sufeto: Ba fata kaɗai ba ma. A 2022 kwastan sun kama buhuna 16 a filin jirgin Legas, cike da al'aurar jakuna wajen 7,000, za a kai Hon Kon. Warin buhunan ne ya ja hankalinsu.

Maman Walid: Innalillahi. Yallaɓai da ka bar wannan, muna cin abinci.

Dillalin Kara: Tun ɗazu ina karantawa ina jiran a zo kanmu, don na san ƙarshenta a ce dillalai ne. To ku ji. A kara, dabba ba ta sayuwa sai da dillali, kuma dillali shi ne shaida, la'adar da muke karɓa kuɗin wannan nauyin ne. In aka zo daga baya aka ce jakin sata ne, ni za a riƙe, ba baƙon da ya kawo shi ba. Saboda haka mu muka fi kowa son a gano na sata. Kuma muna ganewa. Mutum ya zo da jaki bai san halinsa ba, jakin yana turjewa ba ya bin sa, ka taya ƙasa da kuɗinsa ya ce ya sallama, yana ta waige. Amma in na tsare shi, wa zan kira? Mai jakin yana wani ƙauye bai ma san dabbarsa ta iso kasuwa ba. Kafin cigiya ta zo, an loda ta a tirela an nufi Kudu, a can akwai kasuwar da ake yanka su a jihar Ebonyi.

Abin da zai taimake mu ya fi layin waya sauƙi. Duk mai jaki ya ɗauki hotonsa yau, tun yana hannunsa, gefe biyu da fuska. Ranar da ya ɓata a turo mana kafin ranar kasuwa. Mutane suna zuwa cigiya su ce jakina ne fari-fari. Jaki nawa ne fari-fari a Maigatari ranar Alhamis? Ka ce auraki ne, kunnen hagu a tsage, da tabon gyambo a gadon baya, sai mu san abin da muke nema.

Mai Amalanke: Kai, da na san wannan tun da. Ko hoto ɗaya ba ni da shi na dunan nan.

Manomin Fadama: An yi ta maganar ɓarayi, an bar maganar sara, kuma da mu ake. Ban taɓa sarar dabbar kowa ba, ban kuma goyi bayan mai yi ba. Amma Likita, ka taɓa zuwa gonarka da asuba ka tarar an kwana ana kiwo a cikin albasar da ka ci bashi ka shuka? Ka kai ƙara wurin mai unguwa, mai dabbar surukinsa ne, a ce ka yi haƙuri. Sau ɗaya, sau biyu. Mutum yana ɗaukar adda ne ranar da ya tabbata ba wanda zai bi masa haƙƙinsa. In layin nan na kama manomi ne kawai, mu ba ma ciki.

Malam Na Zaure: Manomi yana da hujja. Shari'ar dabbar da ta yi ɓarna cikin dare tsohuwa ce, ita Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana suka yi wa hukunci a Suratul Anbiya. Kuma a hadisi, tsaron gona da rana na mai gona ne, abin da dabba ta ɓata da dare mai ita ne zai biya. Sai dai hukuncin a kan mai dabba yake, ita dabbar ba ta san iyakar gona ba.

Likitan Dabbobi: Na karɓa. A haɗa da rahoton ɓarnar gona a layin. Wanda ya tarar da dabba a gonarsa ya kama ta ya ɗaure, ya kira, a zo a kimanta a biya shi.

Jikan Mai Unguwa: Ni tsorona daban ne. Kun san garin nan. A ce an kira an ce wane ne ya sace jaki, maganar ta fita, kafin la'asar matasa sun taru da gora da taya. Mun ga an kashe mutum a wasu garuruwan a kan ihun ɓarawo, daga baya aka gane ba shi ba ne. Ga masu gaba da juna a kan gado ko iyakar gona, kun ba su hanyar jifa ba tare da an ga hannunsu ba. Kuma don Allah a daina abin da wasu ke yi, a ɗauki hoton mutum a sa a Facebook a rubuta ɓarawo.

Tsohon Sufeto: Wannan shi ne babban sharaɗi. Kira ba hujja ba ne, hanya ce ta zuwa ga hujja. Abin da aka ji a wayar ba ya shiga wannan zauren, ba ya zuwa majalisar shayi, ba ya zuwa wurin 'yan sintiri kai tsaye. Mutum biyu ko uku su je su duba abin da ake iya gani da ido: fata, dabba, sawu, mota. In akwai, ƙungiya ce za ta rubuta takarda da sunanta da hatiminta ta kai wa DPO, dagaci ya sa hannu. Ba a zaunar da ƙungiya a kan benci yadda aka zaunar da Ɗan Tasha. In babu, maganar ta mutu a nan, wanda aka ambata ma bai ji ba.

Malam Na Zaure: Fatabayyanu ke nan, wato ku bincika labari tukuna, ayar Hujurati.

Maman Walid: Duk kun yi magana, amma ba wanda ya tambayi wa ke gani. Mata da yara ne. Matar da mijinta ya shigo da asuba riga duk jini, ita ta wanke. Yaron da ke kiwo shi ya ga wanda ya bi akuya da adda. Mace ba za ta kira layin da namijin garin nan yake ɗauka ba, don da ta ce salamu alaikum ya gane muryar matar wane ce. Rubutun boko kuma ba kowa ta iya ba. In da gaske kuke, a sa mace a cikin masu riƙe wayar, kuma a sanar a islamiyyun matan aure da gidajen biki, ba a masallacin Juma'a kawai ba.

Ɗan Ci-rani: Hajiya ta taɓo inda tsarin nan yake da rauni a ƙaramin gari. A nan wanda ke ɗaukar kiran bai san ka ba, sau da yawa ma ba a garinku yake ba. Me zai hana wayar ta zauna a hannun 'yar garinmu da ke aure a Kano ko Kaduna? Ta ji, ta rubuta, ta goge lambar, ta turo wa kwamiti maganar kawai.

Ɗan Tasha: Layin da aka yi wa rajista da NIN ɗin mutum, a ce ba a san mai kira ba? In magana ta kai kotu aka ce a kawo wayar fa?

Barista: Tambaya mai kyau. Kada mu yi wa mutane alkawarin abin da ba mu da iko da shi. Abin da za mu iya cewa shi ne ƙungiya ba za ta tambayi suna ba, ba za ta ajiye lamba ba, ba za ta kira kowa shaida ba sai da yardarsa. Shi ya sa maganar Sufeto take da muhimmanci, a gina ƙarar a kan abin da aka samu a wurin, ba a kan mai kira ba. Zan rubuto ƙa'idojin a shafi guda in kawo taro.

Baban Hafsat: Har yanzu ina nan a kan bakana, mun bar jaki muna dukan taiki. Amma in za a yarda wanda ya ga baƙuwar fuska tana sayen burodi da fetur da yawa tana shiga daji shi ma ya kira layin, zan biya kuɗin wayar.

Tsohon Sufeto: A'a Alhaji, kada a haɗa. Wannan maganar rai ce, 'yar mutane da ke Kano ba za ta iya ɗaukarta ba. Akwai lambar gaggawa ta 112, akwai lambobin rundunar 'yan sandan jiha. Ka sayi wayar dai.

Baban Hafsat: To rabi zan biya.

Dillalin Kara: Masu jakuna, hotunan nan dai. Ku turo mini ta akwatin sirri da sunan unguwa, ba a nan ba, kada zaure ya cika. A ɗauka da rana, a cire akumari, don tabon baya shi muka fi dubawa.